Ƙwaƙwalwa Na Sake Gini: Maganaɗisu, Firgici Da Shanyewar Jiki A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Ranar Juma'a 11 ga Disamba, 2020, da dare, 'yan bindiga suka dira a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai maza cikin daji. Kwana shida iyaye na zullumi. Ranar 17 ga wata gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sanar da cewa an sako yara 344. Washegari duniya ta ga hotunansu a birnin Katsina, da yawansu ba takalmi, ƙafafu sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Aka duba lafiyarsu, aka miƙa su ga iyayensu, 'yan jarida suka tattara kayansu suka kama gabansu.

Ƙafar da ƙaya ta soka takan warke cikin 'yan makonni. Abin da irin wannan dare ke bari a cikin kai ba ya fitowa a hoto. Kuma ba waɗannan yara kaɗai ke ɗauke da shi ba. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku da wakili ɗaya ke wakilta a majalisar tarayya, sun shafe shekaru a bakin daga: Faskari na iyaka da Tsafe ta Zamfara, Sabuwa na maƙwabtaka da dazukan Birnin Gwari. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka datse musu na tsawon watanni. Akwai ƙauyukan da mutane suka saba barin gida da magariba su je su kwana wani wuri. Akwai yaran da ƙarar babura da yawa ke sa su fitsari a wando. Akwai dattijon da ya gudo Funtuwa ya bar gonarsa, ya bar katin asibitinsa, maganin hawan jininsa ya ƙare bai sake saye ba, wata safiya aka tashi aka ga bakinsa ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa.

Firgicin da ya ƙi tafiya da shanyewar ɓarin jiki a ido cututtuka ne mabambanta, amma gidansu ɗaya, kuma tambayar da dangi ke yi a kansu ɗaya ce: zai dawo yadda yake? Amsar da ilimin likitanci ke bayarwa yau ta sha bamban da wadda yake bayarwa shekara sittin da suka wuce.

Icen da aka ce ya bushe

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsawon lokaci masana ƙwaƙwalwa ma a kan wannan suke. Santiago Ramón y Cajal, likitan Sifaniya da ya ci kyautar Nobel a 1906 saboda fayyace yadda ƙwayoyin jijiya suke, ya tafi a kan cewa da mutum ya girma hanyoyin jijiyoyin kansa sun tsaya ke nan, abin da ya mutu ya mutu. Binciken David Hubel da Torsten Wiesel a shekarun 1960 ya ƙarfafa wani ɓangare na wannan: sun rufe ido ɗaya na jariran kyanwa na 'yan watanni, da aka buɗe idon lafiyarsa lau amma ba ya gani, domin ɗaya idon ya mamaye wurinsa a ƙwaƙwalwa. Babbar kyanwa da aka yi wa haka ba abin da ya same ta.

Saboda haka karin maganar tana da gaskiya: ƙuruciya lokaci ne na musamman, kuma yaron da tamowa ko rashin kulawa ta kama a shekarunsa biyu na farko yana iya ɗaukar tabon har girma. Inda aka yi kuskure shi ne ɗaukar cewa icen yana bushewa ƙarƙaf. Kan ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace na haɗe da dubban 'yan'uwanta. A 1949 wani masani ɗan Kanada, Donald Hebb, ya kawo ra'ayin cewa duk ƙwayoyin da ke yawan aiki tare mahaɗarsu na ƙara ƙarfi, kuma bincike na baya ya tabbatar da haka, ya ƙara da cewa mahaɗar da aka daina amfani da ita takan yi rauni. Wannan shi ne abin da ke faruwa a kan almajirin da ke bitar allonsa da asuba da dare har sura ta zauna, da kan maɗinkin hula da yatsunsa ke tafiya ba tare da ya duba ba.

Hujjojin da suka rushe tsohon ra'ayin sun zo ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta auna kawunan direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, ta tarar da bayan hifokamfas ɗinsu, wato sashen da ke riƙe taswirar wurare da tunawa, ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar mutum a tuƙi gwargwadon girman. A 2010 Stanislas Dehaene da abokan aikinsa suka duba mutanen Brazil da Fotugal da ba su koyi karatu ba sai da suka girma, suka ga sashen gane haruffa ya samu a kawunansu duk da latti. Duk tsohuwar da ta taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci ko Islamiyyar matan aure, ta fara haɗa baƙi tana da jikoki, ta yi wannan aikin a kanta ko da ba wanda ya ɗauki hoton.

Wanda ya fi burge ni shi ne na makafi. A 1996 Norihiro Sadato ya nuna cewa idan makahon da ya rasa ido tun yana ƙarami yana karanta rubutun makafi da yatsa, sashen gani da ke ƙeyarsa ne ke aiki. Wurin bai zauna haka nan ba, yatsu da kunne sun karɓe shi. Wanda ya taɓa ganin makaho yana ratsa kasuwa da sandarsa, yana gane mutane da takunsu, ya ga sakamakon wannan sauyi da idonsa.

Na'urar Sheffield

Ta yaya aka tabbatar cewa ƙeyar makahon ce ke karatun, ba wai tana motsi ne kawai a banza ba? A nan maganaɗisu ya shigo.

Tun 1831 Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisun da ƙarfinsa ke sauyawa da sauri yana haifar da lantarki a cikin duk abin da ke kusa da shi mai ɗaukar wuta. Ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki, ƙoƙon kai kuma yana tare wutar da aka sa daga waje, sai an ƙara mata ƙarfi har ta yi zafi, amma ba ya tare maganaɗisu. A 1985, a garin Sheffield na Ingila, Anthony Barker da abokan aikinsa biyu suka naɗe waya, suka aza a kan mutum yana zaune a farke, suka saki wuta mai ƙarfi a cikin wayar na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Hannun mutumin na ɗaya ɓarin ya zabura. Ba tiyata, ba allurar barci, ba jini. Wannan dabara ita ake kira TMS a taƙaice, wato zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ta bayan ƙoƙon kai.

Kan na'urar a yau yawanci siffar lamba 8 gare shi. Ƙarfin maganaɗisun kan kai tesla 1.5 zuwa 2, kusan daidai da na babbar na'urar hoton MRI, sai dai ba ya nutsawa fiye da santimita 2 zuwa 3. Mara lafiya na jin ƙara ƙas-ƙas-ƙas da ɗan ƙwanƙwasa a fatar kai, shi ya sa ake toshe masa kunne.

Da wannan na'ura Leonardo Cohen ya harba bugu a ƙeyar makafi a 1997 suna tsakiyar karatu, sai haruffan suka rikice musu a yatsa. Da ita kuma Alvaro Pascual-Leone ya yi gwajin da ya kamata duk mai jinyar shanyewar jiki ya sani. A 1995 ya sa mutanen da ba su iya kiɗan fiyano ba su riƙa maimaita wani motsin yatsu biyar, awa biyu kullum, kwana biyar. Kowace rana yana auna faɗin wurin da ke juya yatsun a ƙwaƙwalwa, kuma wurin ya yi ta faɗaɗa. Wani rukunin bai taɓa fiyanon ba, zama kawai suka yi suna raya motsin a zuciya, su ma nasu ya faɗaɗa. Kwana biyar kacal, a kan manyan mutane.

Daga aunawa aka koma magani. An lura cewa idan aka jera bugun a hankali, ɗaya a daƙiƙa, wurin yakan lafa na wani lokaci, idan kuma aka jera da sauri, kamar goma a daƙiƙa, yakan ƙara kuzari. Masu ciwon damuwa mai tsanani, irin wanda mutum ke rasa ɗanɗanon komai, barci ya gagara, ya ji rayuwa ta ishe shi, sau da yawa wani wuri a gaban kai ta hagu yana yin sanyi. A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a yi amfani da TMS ga masu wannan ciwo da ƙwayoyi suka kasa. Daga baya ta amince da ita ga wani nau'in ciwon kai na ɓari ɗaya a 2013, ga ciwon waswasi a 2018, ga masu son barin sigari a 2020.

Ya kamata a rarrabe ta da jona wuta da aka sani a asibitocin masu taɓin hankali tun 1938. Waccan ana sa mutum barci ne a tayar masa da jijjiga da gangan, kuma har yau tana ceton rai a ciwo mai tsanani. TMS kuwa mutum na zaune a kujera idonsa biyu, in an gama ya tashi ya tafi da ƙafarsa.

Abin da take yi da wanda ba ta yi

A ciwon damuwa hujjarta na da ƙarfi, ko da yake ba kowa take wa aiki ba, wasu kuma ciwon kan dawo bayan watanni. A firgicin bayan tashin hankali ana ta gwaji, wasu sakamakon na ba da fata, amma FDA ba ta amince da ita ga wannan ciwo ba. A shanyewar ɓarin jiki kuwa labarin ya fi sarƙaƙiya. Tunanin shi ne idan ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa ya samu rauni, lafiyayyen ɓarin yakan danne shi, don haka a lafar da mai lafiyar ko a zaburar da mai raunin kafin a shiga motsa jiki. Ƙananan gwaje-gwaje da yawa sun nuna amfani. Amma babban gwajin da aka yi a cibiyoyi 12 na Amurka da mutum 199, wanda aka wallafa a 2018, ya zo da abin da ba a zata ba: waɗanda aka yi wa na'urar gaske da waɗanda aka yi wa ta bogi duk sun samu sauƙi, kuma daidai wa daida. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne mako shida na horon hannu mai tsanani. Wajen kashi biyu cikin uku na kowane rukuni sun ga canji mai ma'ana.

A ganina wannan sakamako albishir ne ga mutumin Faskari, domin ya nuna inda ƙarfin maganin yake. Edward Taub ya daɗe da gano cewa mai shanyewar hannu yakan gwada ya kasa, ya sake gwadawa ya kasa, sai ya haƙura ya koma ga hannu mai lafiya, ƙwaƙwalwa kuma ta koyi watsi da mai ciwon ko da jijiyar ta fara farfaɗowa. Maganinsa shi ne a sa wa lafiyayyen hannun safa mai kauri yawancin yini, a tilasta wa mai ciwon aiki awa shida kullum har mako biyu. Gwajin da aka wallafa a 2006 da mutum 222 ya nuna amfanin haka ga waɗanda ke da ɗan sauran motsi a wuyan hannu da yatsu, kuma amfanin na nan bayan shekara. A Jamus an auna irin waɗannan marasa lafiya da TMS, aka ga wurin hannun a ƙwaƙwalwa ya faɗaɗa bayan horon, har ga waɗanda ciwon ya yi shekaru a jikinsu.

Sirrin yana ga yawan maimaici. Wani bincike na 2009 ya ƙirga cewa a zama ɗaya na gashi a asibitocin Amurka da Kanada mara lafiya na motsa hannun a aikace sau 32 ne a matsakaici, alhali dabbobin da aka ga ƙwaƙwalwarsu ta sauya ɗaruruwa suke yi a rana. To a nan mu muna da abin da Turawa ke nema da kuɗi, wato gida cike da mutane. Sai dai tausayinmu kan juye ya zama cuta. Baba ya kwanta, sai a hana shi komai: wannan ta ba shi abinci a baki, wancan ya ɗaura masa maɓalli, a ce ya huta. Wata uku na farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara, sai su ƙare a kan tabarma ana shafe-shafe da hayaƙi, ana cewa iska ce ta buge shi. Addu'a ba ta hana motsa hannu, kuma ba wanda ya ce a bar ta. Amma jan carbi da hannun mai ciwo, ɗaukar buta, tsince wake, murɗa murfin kwalba, miƙewa daga zaune ana riƙe da shi, sau ɗari sau ɗari biyu a yini bisa tsarin da ma'aikacin gashi na asibiti ya shata, su ne ke sake shimfiɗa hanyar.

Kafin duk wannan akwai rigakafi. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini na da hannu a kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a wannan yanki, kuma da yawan waɗanda abin ke samu ba su tsufa ba. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Kuma ranar da baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti ake nufa a take, domin sai hoton kai ne ke bambance toshewar jijiya da fashewarta, maganin narkar da gudan jini kuma ba ya wuce awa huɗu da rabi.

Tsoro ma koyonsa ake yi

Sauyawar ƙwaƙwalwa ba alheri kaɗai take kawowa ba. Abin da ke zaunar da sura a kan almajiri shi ke zaunar da ƙarar bindiga a kan yaro. A ɗakin binciken Sumantra Chattarji da ke Bangalore ta Indiya an takura ɓeraye awa biyu kullum har kwana goma. Rassan jijiyoyin hifokamfas suka tsuke, na amigdala kuma, wato sashen da ke kaɗa ƙararrawar tsoro, suka ƙara yaɗo. Bayan mako uku na hutu hifokamfas ya murmure, amma amigdala ta ƙi komawa, ɓerayen kuma suka ci gaba da ɗari-ɗari. Ɓera ba mutum ba ne, amma iyayen da ɗansu ya dawo daga daji wata shida yana firgita cikin barci, ya daina wasa, karatu ya ƙi shiga, za su gane abin da ake faɗa. Wannan yaro ba ragwanci ke damunsa ba, duka kuma ƙara rura abin yake yi.

Tsoron da aka koya ana iya koyar da kai sassauta shi, kuma an gwada haka a wuraren da suka fi mu talauci. A sansanin Imvepi na Yuganda, Frank Neuner ya zauna da 'yan gudun hijirar Sudan zama huɗu kacal, kowa na ba da labarin rayuwarsa daki-daki tun daga haihuwa, ana tsayawa a kan munanan ranakun har su shiga jerin abin da ya wuce. Bayan shekara, kashi 29 cikin 100 ne kawai ciwon firgicin bai sake su ba, alhali a rukunan da aka yi wa nasiha ta gama-gari kusan kashi 80 na nan da shi. A Harare ta Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa zama shida, kuma gwajin 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. Tun 1954 ma Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abekuta tare da danginsu maimakon kulle su. Najeriya na da likitocin ƙwaƙwalwa da ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, saboda haka jiran kowa ya ga ƙwararre a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau jiran gawon shanu ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Malaman makaranta, ungozomomi, jami'an lafiya na matakin farko da malaman Islamiyya na Ƙanƙara da Sabuwa su ne mutanen da ya kamata a horar.

Duk da haka ba na cikin masu cewa talaka ya haƙura da na'ura. Akwai matar da aka kashe mijinta a gabanta, ta sha ƙwayoyi iri biyu iri uku ba sauƙi, ta daina ci ta daina magana. Irinta aka ƙera TMS dominta, kuma haƙƙinta bai gaza na matar Landan ba. Amma dole a shigo da ita da ilimi. Tana iya tayar da farfaɗiya, ko da yake da wuya, ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu, kuma haɗarin na ƙaruwa ga mai farfaɗiya da mai shan taramol. Ba a yi wa wanda ke da ƙarfe a kai, a yankin da ake da mutane masu ɓarɓashin harsashi a jiki kuwa wannan tambaya ce ta farko. Sannan a kiyayi 'yan kasuwa: awarwaro da zobe da takalmin maganaɗisu da ake tallatawa a tasha da Facebook ba su da alaƙa da wannan magani, domin maganaɗisun da ke zaune a wuyan hannu ba ya haifar da wata wuta a ƙwaƙwalwa.

Na'urar gaske dubban daloli ce masu yawa, tana son tsayayyar wutar lantarki da likitan da ya san inda zai aza ta. Mazauninta asibitin koyarwa ne, irin na tarayya da ke Katsina ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ya fi kusa da mutanen Sabuwa da Faskari. Babbar matsalar ita ce tsarin shan maganin. Na asali zama ne na minti 37, kwana biyar a mako, mako huɗu zuwa shida. Manomin Sabuwa ba zai iya zuwa Zariya sau talatin ba, ga kuɗin mota, ga hanyar da ba a bi bayan la'asar. Amma a 2018 wani gwaji a Kanada ya nuna zaman minti uku da wani sabon salon bugu yana yin aikin na minti 37, a 2022 kuma FDA ta amince da tsarin Jami'ar Stanford na zama goma a rana har kwana biyar, ko da yake gwajin da aka dogara da shi na mutum 29 ne kawai, kuma yana buƙatar hoton MRI don saita wurin. Duk asibitin Arewa da zai sayi wannan na'ura, gajerun tsare-tsaren nan ya kamata ya fara gwadawa a kan marasa lafiyarmu, ya rubuta sakamakon, ya kuma tanadi ɗakin da mara lafiya da mai jinyarsa za su kwana na mako guda.